Ku Tambaya a Ba Ku Amsa: Digirin Onlayin na Jami'o'in 'Yan Kasuwa, Yana da Daraja Kuwa?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonnin da suka shigo kusan duk magana ɗaya suke yi, wato jami'o'in nan masu karatu ta intanet da tallarsu ta cika Facebook da YouTube, to sai na zaɓo guda huɗu na haɗa su waje ɗaya tunda amsar wani tana taɓa ta wani. Kamar kullum na cire sunayen masu tambaya, na kuma cire sunayen makarantun da suka ambata.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ma'aikacin gwamnatin jiha ne a nan Kano ina mataki na 9, na daɗe inaso in yi mastas saboda ƙarin girma amma aiki da iyali sun hana. Kwanaki naga tallar wata jami'a a Facebook wai ta Amurka ce karatu duk ta onlayin, na cike fom da wasa-wasa, wallahi ko kwana ɗaya ba'a yi ba wata mata ta kirani ta WhatsApp tace na samu adimishan na MBA, wato mastas a harkar kasuwanci, kuma sun bani sikolashif na kashi 75, amma sai na biya kuɗin farko kafin Juma'a in ba haka ba gurbin zai wuce ni. Tun daga ranar kullum sai ta kira. Tace makarantar tana da rijista a Amurka kuma ana karɓar takardarsu ko'ina a duniya. Dan Allah ta gaskiya ce ko 'yan damfara ne? Filina nake shirin sayarwa.

AMSA: Ɗan'uwa dan Allah ka dakata da sayar da filin nan. Ka bar Juma'ar ta zo ta wuce, in Allah ya yarda ranar Litinin za ta sake kiranka ta ce an ƙara maka mako guda, domin makarantar da ba ta da aji ba ta da kujera ba gurbin da zai cika balle ya wuce ka.

Ka tambaya ko ta gaskiya ce ko ta damfara, to matsalar ita ce akwai abu na uku a tsakani, kuma a nan ne mutanenmu suka fi asarar kuɗi. Na damfara zalla suna nan, misali kamfanin Axact na birnin Karachi a Pakistan wanda jaridar New York Times ta tona wa asiri a 2015, yana da ɗaruruwan shafukan jami'o'in bogi masu sunaye irin na Amurka da hotunan furofesoshin da babu su, ka biya a aiko maka da digiri ba ka buɗe littafi ba. Waɗannan ba su da wuyar ganewa ga wanda ya so ya gane. Masu wuyar su ne waɗanda da gaske suna nan, da laccarori da jarrabawa da komai, takardarsu ba ta jabu ba ce, amma in ka kai ta inda kake so ta yi maka aiki sai a kalle ta a ajiye gefe.

Jami'ar 'yan kasuwa kamfani ce, tana da masu hannun jari da ke jiran riba a ƙarshen shekara, kuma duk ɗalibin da ya shigo kuɗi ne ya shigo. Wannan shi kaɗai ba laifi ba ne, asibitin kuɗi ma yana warkar da mutane. Abin dubawa shi ne ina kuɗin ɗaliban yake tafiya. A 2012 wani kwamitin majalisar dattawan Amurka ƙarƙashin Sanata Tom Harkin na jihar Iowa ya fitar da rahoto bayan shekara biyu yana bincikar kamfanoni 30 masu irin waɗannan makarantu. Ya gano cewa a 2009 kashi 22.7 cikin ɗari na kuɗin shigarsu ya tafi ne a talla da farautar sabbin ɗalibai, kashi 19.4 riba ce, koyarwar ita kanta kashi 17.2 kawai ta samu. Ma'aikatan da aka ɗauka don su jawo ɗalibai sun kai wajen 35,000, masu taimaka wa ɗalibi ya samu aiki bayan ya gama kuwa wajen 3,500 ne. Kuma fiye da rabin waɗanda suka shiga a zangon 2008 zuwa 2009 sun fice ba takarda, akasarinsu cikin 'yan watanni. Abin da ya fi taɓa min zuciya a binciken shi ne takardun horar da masu kiran waya da aka bankaɗo, inda ake koya musu su yi ta tambayar mutum har su tono abin da ke masa ciwo a rayuwa, albashin da ba ya isa, ƙannen bayansa da suka wuce shi a ofis, yaran da yake so su yi alfahari da shi, sannan su ce masa ga magani. Ka tuna hirarka da matar nan, ina kyautata zaton ta tambaye ka shekara nawa ka yi ba ƙarin girma. Ita aikinta take yi, amma ka sani mai talla ce kake magana da ita.

Babbar cikinsu a lokacin ita ce University of Phoenix, wadda John Sperling ya kafa a 1976 a jihar Arizona, ta fara karatu ta kwamfuta tun 1989, a 2010 ɗalibanta sun kai wajen 470,000. Tana da cikakkiyar tantancewa, ba mai cewa ta bogi ce. Duk da haka a Disambar 2019 ta amince da sulhun dala miliyan 191 da hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, kan tallace-tallacen da ke nuna kamar tana da haɗin gwiwa da su Microsoft da AT&T da Twitter wajen sama wa ɗalibanta aiki. Ba ta amsa laifi ba, amma ta biya. Jami'ar DeVry ma a 2016 ta biya dala miliyan 100 kan iƙirarin cewa kashi 90 na masu neman aiki cikin waɗanda suka gama a wurinta suna samu cikin wata shida a fannin da suka karanta. In manyan da hukuma ke sa wa ido sun yi irin wannan romon baka wa 'yan ƙasarsu, kai da kake Kano ba ka da inda za ka kai ƙara ai sai ka ninka taka-tsantsan.

Maganar wai tana da rijista a Amurka, wannan ba komai ba ne. Rijistar kamfani daban, lasisin jiha na buɗe makaranta daban, tantancewar ingancin karatu daban. Mai kemis ɗin unguwarku ma yana da takardar CAC a manne a bango, ba ta mai da shi likita ba. Ka ce ta rubuto maka sunan hukumar da ta tantance su, sannan kai da kanka ka shiga shafin CHEA, majalisar da ke sa ido kan hukumomin tantance jami'o'i a Amurka, ko rumbun bayanan ma'aikatar ilimi ta Amurka da ake kira DAPIP ka nemi sunan makarantar, kyauta ne, minti biyar ya isa. Kar ka yarda da tambarin da suka liƙa a shafinsu, don akwai hukumomin tantancewa na bogi da makarantun suke ƙirƙira da kansu su tantance kansu. In ka ga suna irin Higher Learning Commission ko Middle States ko SACSCOC ko WSCUC, waɗannan su ne ke tantance manyan jami'o'in da kowa ya sani. DEAC ita ma hukuma ce ta gaskiya mai kula da karatun nesa, sai dai ba kowace jami'a ce ke karɓar takardar da ita kaɗai ta tsaya mata ba in ka zo neman ci gaba da karatu. Tunda MBA ne, ka duba ko sashen kasuwancinsu yana da amincewar AACSB, ƙungiyar da ke tantance makarantun koyar da kasuwanci.

Sikolashif na kashi 75 da aka ba ka ba jarrabawa ba hira ba a ma ga sakamakonka na digirin farko ba, ragi ne aka sa masa sunan sikolashif, an ɗaga farashi sama aka sauko da shi inda dama ake so a sayar. Ka manta da kason, ka ce a rubuto maka jimillar abin da za ka biya daga ranar farko har takarda ta zo hannunka, da kuɗin jarrabawa da na furojet da na yaye ɗalibai da na aiko da satifiket. Kuma ka tuna da dala za ka biya. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a farkon 2024 ta haura 1,500, mutane da yawa da suka fara irin wannan karatu da lissafin albashinsu sun tsaya a tsakiya, ba takarda ba kuɗi.

Sai babban abin da nake so ka riƙe fiye da duk abin da na faɗa. Kai ƙarin girma kake nema, to wanda zai karɓi takardar shi za ka tambaya, ba wanda zai sayar maka ba. Ka je ofishin shugaban ma'aikata ko hukumar kula da ma'aikata ta jiha da sunan makarantar da sunan kwas ɗin, ka tambaya a rubuce ko za su lissafa maka shi, ka kuma nemi izinin karatu kafin ka fara kamar yadda ƙa'idar aiki ta tanada. Takardar ƙasar waje a Najeriya sai ta bi ta ma'aikatar ilimi ta tarayya a Abuja an tantance ta, ka tambaye su su ma matsayin wannan makaranta da kuma karatun da aka yi kacokan ta intanet. In amsar ta zama a'a, ko ta zama sai ka gama mu gani, to ga Jami'ar Bayero nan a garinku, ga cibiyar karatun nesa ta ABU Zariya mai MBA ta onlayin, ga NOUN, buɗaɗɗiyar jami'ar gwamnatin tarayya mai karatun nesa, da naira za ka biya kuma ba wanda zai juya takardarsu yana tambayarka a ina take.

TAMBAYA: Salam Malam, ni ɗan Zango ne daga Kumasi amma yanzu ina Bronx a New York, ina da girin kad, tuƙi nake yi dare da rana. Ina son in karanta harkar kwamfuta ko kasuwanci in bar tuƙin nan don bayana ya fara ciwo. Wata makaranta ta onlayin sunce ba sai na biya ko sisi yanzu ba, su zasu taimaka min in cike FAFSA, fom ɗin neman tallafin karatu, gwamnati ta biya. Abokina yace in guje su wai in ka nemi aiki da takardarsu ba'a kiranka. Gaskiya ne? Ni dai ba zan iya zuwa aji kullum ba.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara lafiya ya sa albarka a nema. Kai ne ainihin wanda aka gina wannan kasuwa dominsa, babban mutum mai aiki mai iyali, baƙo ko baƙar fata ko tsohon soja, wanda ya cancanci tallafin gwamnati amma ba shi da wanda zai zaunar da shi ya yi masa bayani. Saboda haka ka saurare ni da kyau.

Kalmar gwamnati za ta biya tana da fuska biyu. In ka cike FAFSA akwai tallafin Pell, wannan kyauta ce ga masu ƙaramin ƙarfi amma tana da iyaka, kimanin shekara shida na cikakken karatu ne a duk rayuwarka, in ka ƙona ta a makarantar banza ta tafi. Sauran kuwa bashi ne da sunanka, mai ruwa, kuma bashin karatu na gwamnatin Amurka yana cikin basussukan da ko mutum ya je kotu ya ce ya karye da ƙyar ake yafe masa. A matsayinka na Musulmi ma maganar ruwan abin da za ka tsaya ka yi tunani ne a kai kafin ka sa hannu. Makarantar ita ta karɓi kuɗinta tun farkon zango, ko ka gama ko ba ka gama ba. Dogaron da suke yi da kuɗin gwamnati ya kai har sai da aka yi musu doka cewa kada ya wuce kashi 90 na kuɗin shigarsu.

Ka tambayi waɗanda suka daɗe a Amurka labarin Corinthian Colleges, mai makarantun Everest da Heald da WyoTech, wadda ta rushe a 2015, da ITT Tech da ta rufe rassa wajen 130 rana ɗaya a Satumbar 2016 ta bar dubban ɗalibai a tsaye. Dukansu suna da tantancewa a lokacin, yawanci daga wata hukuma mai suna ACICS wadda ita kanta gwamnati ta ƙwace mata amincewa daga baya, shi ya sa nake cewa tantancewa matakin farko ce kawai. Sai a 2022 gwamnati ta yafe wa tsofaffin ɗaliban Corinthian su 560,000 bashin dala biliyan 5.8, bayan shekara bakwai mutane suna fama, wasu ba sa iya samun hayar gida saboda bashin ya ɓata musu suna, kuma shekarun da suka ɓata ba wanda ya mayar musu.

Maganar abokinka tana da tushe. Wasu masana tattalin arziki, cikinsu har da David Deming da Claudia Goldin da Lawrence Katz na Harvard, sun aika da dubban takardun neman aiki na gwaji zuwa kamfanoni, komai iri ɗaya sai sunan makaranta, sakamakon ya fito a 2016. A ayyukan kasuwanci masu buƙatar digiri, wanda takardarsa ta fito daga babbar jami'ar 'yan kasuwa ta onlayin damar a kira shi ta yi ƙasa da kimanin kashi 22 cikin ɗari in aka kwatanta da na jami'ar gwamnati ta talakawa wadda ba ta da wani suna. Ga kuma wata matsalar da ba sa faɗa maka a waya, in ka yi shekara ɗaya ka ga ba ta yi maka ba ka so komawa makarantar gwamnati, kwasa-kwasan da ka ci ba lallai a karɓa ba. Ofishin binciken gwamnati na GAO ya ƙiyasta a 2017 cewa masu irin wannan ƙaura suna asarar wajen kashi 94 na kiredit ɗinsu. Kusan daga farko kenan za ka sake.

Ban ce duk wanda ya shiga ya yi asara ba. Akwai ma'aikatan jinya da malaman makaranta da sojoji da yawa da suka ƙara takarda a irin su Capella ko Chamberlain suka samu ƙarin albashi, amma ka lura da su, suna da aikin tun kafin su fara, wurin aikin ya san makarantar, sau da yawa ma shi ke biyan wani kaso. Kai kuwa sabuwar ƙofa kake so takardar ta buɗe maka, a nan ne sunan makaranta yake da nauyi.

Kuma ba ka rasa zaɓi ba, a Bronx kake fa. Ga Bronx Community College ga Hostos ga Lehman duk a ƙarƙashin CUNY, jami'ar gwamnati ta birnin New York, suna da azuzuwan yamma da na ƙarshen mako da na onlayin, kuma ga mazaunin New York mai ƙaramin ƙarfi tallafin Pell da na jiha da ake kira TAP kan rufe kuɗin makarantar ko mafi yawansa. CUNY tana da School of Professional Studies mai digiri ta intanet kacokan. Akwai Western Governors University da gwamnonin jihohi 19 suka kafa a 1997, ba ta riba ba ce, ana biya ne duk wata shida ka ci kwasa-kwasai iya ƙarfinka, ta dace da mai aikin dare. Kafin ka zaɓi kowacce ka buɗe shafin College Scorecard na gwamnati ka sa sunan makarantar, zai nuna maka kashi nawa ke gamawa, bashin nawa suke fita da shi, nawa suke samu bayan sun gama. Ka jera wadda ke kiranka da Lehman gefe da gefe ka gani da idonka. Kuma ka tambaya kai tsaye wa ya mallaki makarantar, domin wasu sun sauya riga, Kaplan ta zama Purdue Global a 2018, Ashford ta zama University of Arizona Global Campus a 2020, sunan ya zama na babbar jami'ar gwamnati amma ba ita ce uwar jami'ar da ake rububin shiga ba, kuma masu ɗaukar aiki da dama sun san bambancin.

TAMBAYA: Malam ina gaisuwa. Yarona shekararsa 19 sau biyu yana zana JAMB bai samu gurbi ba, yanzu ya kawo min wata jami'a ta waje wai zai yi digiri daga ɗakinsa a waya cikin shekara biyu da rabi. Ni ban yi boko mai zurfi ba amma ina da halin biya. Zai iya bautar ƙasa da ita? Daga wani mahaifi a Gusau.

AMSA: Alhaji ina amsawa, Allah ya raya shi ya yi masa albarka. Tambayar da ka yi ita ce daidai, kuma ita ya kamata a fara warwarewa kafin a biya ko kobo. Duk wanda ya yi karatu a waje in zai yi rijistar NYSC ana neman fasfo ɗinsa da bizar ƙasar da hatimin shiga da fita, wato shaidar cewa ya je ya zauna ya yi karatun, ga kuma tantancewar ma'aikatar ilimi. Yaron da ya yi karatu daga ɗakinsa a Gusau ba shi da ko ɗaya cikin waɗannan hatimai. Kuma in babu takardar bautar ƙasa ko ta keɓewa daga gare ta, aikin gwamnati da na bankuna da manyan kamfanoni duk sun rufe masa.

An ma ƙara tsaurara abin tun bayan da ɗan jaridar Daily Nigerian, Umar Audu, ya fallasa a ƙarshen 2023 yadda ya samu digiri daga wata jami'a a Kwatano cikin mako shida har ya shiga bautar ƙasa da shi. A Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo, abin ya shafi har yaran da suka yi karatunsu tsakani da Allah. Yanzu duk takardar waje da ido biyu ake kallonta.

Ban da wannan Alhaji, karatun onlayin yana son mutumin da ya riga ya iya tsare kansa. Manya masu iyali da suka san zafin kuɗinsu ma fiye da rabi suna yankewa, ina ga yaro ɗan 19 da wayar da zai yi karatun da ita ce dai ke ɗauke da TikTok, ga wutar da ba ta zama ga kuɗin data. Shi yana buƙatar malami a gabansa da abokan karatu da ɗakin gwaji. Tunda Allah ya hore maka, akwai IJMB da JUPEB da ke kai yaro aji biyu na jami'a, akwai difloma a foliteknik ga ta Ƙauran Namoda nan kusa da ku, akwai jami'o'i masu zaman kansu a cikin ƙasa. In kuma dole sai ta intanet, to ya zama wadda sunanta ke cikin jerin da hukumar NUC ta amince da su a shafinta, kamar NOUN ko sababbin buɗaɗɗun jami'o'i masu zaman kansu da aka ba lasisi a 2023, kuma ko su ɗin ka sa ya je ofishin NYSC na jiha ya tambayo wace takarda ake ba waɗanda suka gama a can.

TAMBAYA: Malam ni lakcara ce a wata kwalejin ilimi, na yi mastas ɗina a gida, yanzu dokta nake so kuma ka san yadda sufabaizo ke riƙe mutum shekara bakwai takwas a nan. Na ga wata ta Amurka ta onlayin sunce shekara uku an gama. Da maigidana mun yarda mu biya in dai za'a gama da wuri. Me ka gani?

AMSA: Malama na fahimci abin da ya kore ki, duk wanda ya ga yadda ake ajiye babin mutum wata shida a kan tebur ba a duba ba, ba zai ce kin yi gaggawa ba. Amma shekara ukun nan ki binciki ta sosai, domin a digirin dokta na irin waɗannan makarantu kwasa-kwasan farko suna tafiya sumul, inda ake makalewa shi ne wajen rubuta kundin, kuma a can duk zangon da kika ƙara kuɗi kike biya da dala. A 2024 Walden University, ɗaya daga cikin manyan masu ba da dokta ta onlayin, ta amince ta biya dala miliyan 28.5 don sasanta ƙarar da tsofaffin ɗalibanta na dokta a fannin kasuwanci suka shigar, suna zargin an rage musu lissafin yawan kiredit ɗin da matakin kundi zai ci, suka ƙare da biyan fiye da abin da aka faɗa musu. Makarantar ta musanta laifi. Saboda haka ki ce su ba ki a rubuce, cikin waɗanda suka fara shekara shida da suka wuce kashi nawa suka gama, a shekara nawa, kuma nawa ake biya duk zango a lokacin rubutun kundi. In suka yi ta kewaye-kewaye ba su kawo lamba ba, kin samu amsarki.

Ki kuma lura da harafin digirin, sau da yawa abin da suke bayarwa DBA ne, wato dokta a harkar kasuwanci, ko EdD, dokta a fannin ilimi, ba PhD ba, kuma kwamitin ƙarin girma na makarantarku yana iya bambanta su. Ki je wurin rijistara da shugaban sashenku da sunan makarantar da sunan digirin kafin ki cike komai, ki tambaya ko TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, na ɗaukar nauyin irinsa, don amsar da za a ba ki a nan za ta nuna miki yadda ake kallonsa. Ki nemi sunayen malaman da za su duba kundinki ki sa a Google Scholar ki ga ko suna wallafa bincike a fanninki. In dai daga gida kike so ki yi, ki duba UNISA ta Afirka ta Kudu, jami'ar gwamnati ce da ta daɗe a karatun nesa, malamanmu da yawa sun yi dokta a can kuma kuɗinta bai kama ƙafar na Amurka ba. Sai dai lokacin karɓar takardun masu neman shiga ƙayyadadde ne a shekara, ki duba shafinsu da wuri.